Taswira da agogo: yadda ƙudan 'ya'yan itace ke ginuwa daga ƙwai zuwa fiffike

Ƙwan ƙudan 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster, bai wuce rabin milimita a tsawo ba. A zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, kwana goma ne kacal tsakanin ranar da uwa ta saka shi da ranar da cikakken ƙuda zai fasa ƙwanso ya fito. Kwana ɗaya yana tayi a cikin ƙwai. Kwana huɗu yana tsutsa mai ci ba ji ba gani, ta yi saɓa sau biyu, nauyinta ya ninka kusan sau 200. Sauran kwanakin yana kwance cikin ƙwanso, ana rushe jikin tsutsa ana gina na ƙuda. In aka sauke zafin zuwa digiri 18, tafiyar takan kai kwana 19 ko kusa da haka.

A tsawon wannan tafiya kowane sel, wato ƙwayar halittar da ake gina jiki da ita, sai ya samu amsar tambaya biyu: a ina nake a jikin nan, kuma yaushe zan yi abin da aka ajiye ni domin shi? An saba cewa ƙwayoyin gado ne ke amsa ta farko, homon kuma, wato sinadarin saƙo da jini ke kaiwa sassan jiki, ya amsa ta biyu. Rabon yana da amfani wajen koyarwa, amma ya yi tsafta da yawa. Homon ɗin da ke buga ƙararrawa ƙwayoyin gado ne ke ƙera shi, kuma in ya isa jikin sel, ba shi ke faɗin abin da za a yi ba. Tarihin sel ɗin ne ke fassara shi. Wannan sarƙaƙiyar ita ce zuciyar al'amarin.

Uwa ce ke fara zanen

Tun kafin maniyyi ya shiga, ƙwai ya riga ya san gabansa da bayansa. A cikin mahaifar ƙwan uwa, sel ɗaya yakan rabu sau huɗu ya ba da 16 masu haɗe da juna ta ƙananan kafofi. Ɗaya ya zama ƙwai, 15 su zama masu reno, suna ɗura masa furotin da saƙonnin RNA, wato kwafin umarnin ƙwayoyin gado da ake ƙera furotin da shi. Ba a zube saƙonnin nan barkatai ake yi ba. Saƙon ƙwayar gadon bicoid ana ɗaure shi a goshin ƙwai, na oskar da nanos a ƙarshen baya, na gurken kuma a kusurwar gaba ta sama, inda yake nuna ɓangaren da zai zama gadon baya.

Abin da ya sa wannan tsari ke aiki shi ne wata baƙuwar ɗabi'a ta tayin ƙuda. Cibiyar sel, inda ƙwayoyin gado suke, takan rabu sau 13 ba tare da an gina bango tsakanin 'ya'yanta ba, rabuwar farko-farko ma kowace ba ta kai minti goma ba. Cikin sa'a biyu da 'yan mintuna, cibiyoyi kusan 6,000 sun jeru a gefen ƙwan, duk a ruwa ɗaya. Saboda haka furotin zai iya malala daga wannan ƙarshe zuwa wancan babu shamaki. Furotin Bicoid yana da yawa a goshi, yana raguwa sannu a hankali zuwa baya, kowace cibiya kuma tana ɗanɗana yawansa a inda take. Inda ya kai wani mizani, sai ya kunna hunchback. A baya kuma Nanos, tare da abokin aikinsa Pumilio, yana hana a karanta saƙon hunchback ɗin da uwa ta watsa ko'ina a ƙwan.

Hujjar ta fito fili a gwaje-gwaje. Uwar da ba ta da lafiyayyen bicoid takan saka ƙwan da tayinsa ba kai ba ƙirji, a maimakonsu sai wutsiya ta biyu a gaba. In aka ɗura saƙon bicoid da allura a tsakiyar irin wannan ƙwai, sassan kai sukan fito a tsakiyar, da ƙirji dama da hagu. In aka ƙara wa uwa kwafin bicoid, lanƙwasar da ke raba kai da gangar jiki takan ja baya. A 1988 Wolfgang Driever da Christiane Nüsslein-Volhard suka nuna gangarar wannan furotin ƙuru-ƙuru. Na nanos kuwa ya fi ban mamaki: tayin da ya rasa shi ba ya samun gaɓoɓin ciki, amma in aka cire hunchback na uwa tare da shi, tayin yakan fito lafiya lau. Ashe babban aikin Nanos a nan share abin da uwar da kanta ta zubar ne.

Akwai tarko a nan ga mai haɗa ƙudaje. Waɗannan ƙwayoyin gado na uwa ne ke aiki, ba na ɗan ba. Tayin da ya gaji lalataccen bicoid daga uwa da uba duka zai girma lafiya muddin uwarsa na da kwafi ɗaya mai kyau, matsalar sai a 'ya'yan ita wannan 'yar in mace ce. Wanda ya duba zuriyar farko ya ga ba komai, ya yi saurin yanke hukunci, ya ɓata gwajinsa.

Daga gangara zuwa ratsi

Yadda gangara mai laushi ke komawa gaɓoɓi masu iyaka tsaf shi ne abin da Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suka buɗe ƙofarsa a birnin Heidelberg na Jamus. Sun ciyar da ƙudaje maza sinadarin da ke lalata ƙwayoyin gado, suka kafa dubban zuriyoyi, suka zauna gaban madubin ƙara girma suna duba fatar matattun tayi. Fatar tsutsa tana da jerin ƙananan ƙayoyi a ƙasan kowace gaɓa, ɗamara uku a ƙirji, takwas a ciki, don haka duk abin da ya ɓace ana iya ƙirga shi. A 1980 suka bayyana ƙwayoyin gado 15, suka kasa su gida uku bisa irin ɓarnar da rashinsu ke yi. Wannan aiki, haɗe da na Edward Lewis, shi ya samu kyautar Nobel a 1995.

Gida na farko masu barin giɓi ne: hunchback, Krüppel, knirps, giant. Kowanne yana kunnuwa a faffaɗan yanki, kuma suna danne juna a kan iyaka. Rashin Krüppel, kalmar Jamusanci mai nufin gurgu, yana cinye ƙirji da gaɓoɓin farko na ciki gaba ɗaya. Gida na biyu suna fitowa ratsi bakwai-bakwai, rashin ɗayansu kuma yana cire gaɓa ɗaya ya tsallake ɗaya. Cikinsu akwai even-skipped, hairy, runt da fushi tarazu, wanda a Japananci ke nufin gaɓoɓi ba su cika ba. Gida na uku ratsi 14 suke yi, suna tsara gaba da bayan kowace gaɓa: engrailed, wingless, hedgehog. Na ƙarshen sunan bushiya aka ba shi, domin tayin da ya rasa shi ƙayoyi ne ke rufe cikinsa kaf.

Da aka fara ganin ratsi bakwai ɗin nan, mutane da yawa sun zaci wata dabara guda ce mai maimaita kanta ke zana su. Gaskiyar ta fi haka rashin ado. Ɗauki ratsi na biyu na even-skipped, wanda ɗakin binciken Michael Levine ya feɗe a farkon shekarun 1990. Yana da makunninsa na kansa, wani guntun DNA mai harufa kusan 480. Bicoid da Hunchback suna zama a kansa su kunna shi, kuma su biyun suna nan a duk rabin gaba na tayin. Abin da ya matse shi ya koma siririn ratsi shi ne masu kashewa biyu: Giant ta gaba, Krüppel ta baya. Tsakaninsu akwai 'yar rariya mai faɗin cibiyoyi uku zuwa huɗu inda duka biyun suka yi ƙaranci, nan ratsin ke fitowa. A goge mazaunin Giant a makunnin, ratsin ya bazu gaba. Sauran ratsin kuma suna da nasu makunnan, wasu biyu-biyu suke tarayya a ɗaya. Wato ɗinki ne aka yi ƙyalle-ƙyalle, sai daga nesa yake kama da saƙa ɗaya.

Wajen sa'a uku bango ya sauko ya raba cibiyoyin, malala ta ƙare. Daga nan sai magana tsakanin maƙwabta: sel mai engrailed yana fitar da Hedgehog, na gabansa ya karɓa ya ci gaba da fitar da Wingless, Wingless kuma ya dawo ya riƙe engrailed a kunne. In ɗaya ya yi shiru, ɗayan ma ya yi shiru cikin sa'o'i kaɗan. Tsarin sama da ƙasa yana da nasa labarin, na Toll da furotin Dorsal mai shiga cibiyoyin ɓangaren ciki, amma dabarar ɗaya ce, gangara da mizani.

Yanka gaɓa daban, ba ta suna daban. Sunan aikin ƙwayoyin gadon Hox ne, guda takwas, a gungu biyu kan kuromosom na uku (kuromosom shi ne zaren DNA mai ɗauke da ƙwayoyin gado), jere daidai da jerin sassan da suke mulka daga kai zuwa wutsiya. Gaɓa ta uku ta ƙirji tana ɗauke da wasu 'yan sanduna biyu masu kai kamar tabarya, masu daidaita tashi. In aikin Ultrabithorax ya gushe a can, sandunan sukan koma fukafukai, ƙuda ya fito da huɗu. In Antennapedia ya kunnu a kai, ƙafafu su tsiro a gurbin eriya. Su masu giɓi da masu ratsi bakwai da suka kunna Hox ɗin ba sa daɗewa, cikin sa'o'i sun ɓace. Furotin na gungun Polycomb ne ke kulle abin da aka kashe, na trithorax su riƙe abin da aka kunna, rabuwa bayan rabuwa. Wannan ajiyayyen tarihin ne homon zai zo ya tarar bayan kwana huɗu.

Jiki biyu a fata ɗaya

Tsutsar da ta ƙyanƙyashe halitta biyu ce a haɗe. Akwai jikin tsutsa, wanda yawancin sel ɗinsa ba sa rabuwa, sai dai su riƙa kwafin DNA suna kumbura. A gilandin yawu kwafin yakan kai dubu da 'yan kai. Akwai kuma wasu 'yan jakunkuna 19 da ake kira faya-fayai, tara bibbiyu da ɗaya tilo na al'aura, waɗanda za su zama fiffike da ƙafa da ido da sauransu. Faifan fiffike yana farawa da 'yan gomomin sel, ya ƙare da dubu 30 zuwa 50. A cikinsa an sake ɗauko tsofaffin ma'aikata: Hedgehog daga rabin baya yana kunna Dpp a wani siririn layi a tsakiya, Dpp ya bazu dama da hagu yana tsara inda jijiyoyin fiffike za su bi, Wingless ya zauna a layin da zai zama bakin fiffiken. Faifan ya san shi fiffike ne, ya san gabansa da bayansa, amma ba zai miƙe ba sai an ba shi izini.

Mai ba da izinin shi ne homon ekdison. Adolf Butenandt da Peter Karlson ne suka fara tace shi a 1954, miligiram 25 daga kilo 500 na tsutsar siliki da ta shiga kwanci. A tsutsar ƙuda ana yin sa ne a gilandin gaban ƙirji, wani ɓangare na wata ƙawanya da ke zaune a saman ƙwaƙwalwa. Ƙwari ba sa iya ƙera kolestarol da danginsa da kansu, dole su same shi a abinci, ƙudan nan kuwa daga yis yake samu. Tsutsar da abincinta ba shi da irin sinadarin da ya dace takan tsaya cak, ta kasa saɓa, ko da cikinta cike yake.

Daga kolestarol zuwa ekdison matakai ne a jere, kowanne da enzayim ɗinsa, wato furotin mai sauya wani sinadari zuwa wani. Neverland ne ke fara taɓa shi, sannan shroud, spook da spookier, phantom, disembodied, shadow. Yawancin sunayen nan na fatalwa ne, domin a aikin tace tayin nan na su Nüsslein-Volhard da Wieschaus aka fara cin karo da da yawansu: tayin da ya rasa su ba ya iya shimfiɗa fata, sai a gan shi fayau ba komai a jiki. An ajiye su shekaru kafin a gane cewa masu ƙera homon ne. Matakin ƙarshe ba a gilandin ake yin sa ba. Ekdison yana fita cikin jini, enzayim shade da ke kitsen jiki da hanji ya mai da shi 20-haidroksi-ekdison, 20E a taƙaice, wanda shi ne mai ƙarfin aiki. An daɗe ana koyar da cewa irin wannan homon ratsa bangon sel yake yi kai tsaye. A 2018 ɗakin binciken Naoki Yamanaka ya nuna cewa a ƙuda sai da wata ƙofa, furotin EcI. In babu ita, jini na cike da homon amma sel bai ji komai ba.

Wa ke umartar gilandin? Sel ɗin jijiya huɗu, biyu a kowane ɓarin ƙwaƙwalwa, suna miƙa jela zuwa gare shi suna zuba masa homon PTTH. A 2009 aka gano makarɓinsa, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa a jikin sel, sai ga shi Torso ne, furotin ɗin da tun a tayi yake tsara ƙarshen gaba da na baya. Kayan aiki ɗaya, da farko ya faɗi wuri, daga baya ya faɗi lokaci. Sai dai an ɗan zuzuta PTTH fiye da ƙima. Da aka kashe sel huɗun a 2007, tsutsotsi sun yi jinkirin kusan kwana biyar, suka ci gaba da ci, suka ba da manyan ƙudaje, amma sun rikiɗe daga ƙarshe. Da aka cire ƙwayar gadon PTTH ita kaɗai bayan shekaru, jinkirin bai wuce kwana guda da wani abu ba. Gilandin yana da wasu kunnuwan.

Ƙararrawa ɗaya, fassara da yawa

A cikin sel, 20E yana kama makarɓin EcR, wanda ke aiki a haɗe da USP, su biyun suna zaune a kan DNA. Tun kafin a san sunayensu an ga aikinsu da ido. Kuromosom ɗin gilandin yawu, saboda yawan kwafinsu, kauri gare su har ana ganin ratsinsu a madubi, kuma duk inda ake karanta ƙwayar gado wurin yakan kumbura. Michael Ashburner ya ciro gilandin ya sa a ruwa, ya zuba homon, ya riƙa lura. Cikin mintuna wurare kamar shida suka kumbura. Bayan sa'o'i suka sace, wasu fiye da ɗari suka taso. Da ya zuba maganin da ke hana ƙera furotin, kumburin farko ya fito amma ya ƙi sacewa, na baya kuma ya ƙi fitowa. A 1974 ya fassara abin: homon yana kunna 'yan ƙalilan kai tsaye, furotin ɗinsu su kunna masu yawa, su kuma juyo su kashe kansu. Da aka tono ƙwayoyin gadon da ke wuraren, broad da E74 da E75, sai ga su duk masu kunna wasu ne, kamar yadda ya hango.

Homon ɗin ba kwarara ɗaya yake yi ba, tashi yake ya faɗi. Akwai tashi a tsakiyar rayuwar tayi, akwai ɗaya kafin kowace saɓa. A mataki na uku na tsutsa akwai 'yan ƙanana, waɗanda ake dangantawa da fara haɗa danƙo a gilandin yawu da barin abinci a hau yawo. Sannan babba ya zo wajen sa'a 120 bayan saka ƙwai: tsutsa ta tsaya, ta takure, ta tofa danƙon ta manne, fatarta ta fara taurara ta zama ƙwanso.

Dubi abin da wannan tashi ɗaya ke yi a lokaci guda. Faifan ƙafa, wanda ke naɗe zobe cikin zobe, ya zazzago waje ya zama doguwar ƙafa. Hanjin tsakiya na tsutsa ya fara cinye kansa. 'Yan gungun sel na fatar ciki, waɗanda suka yi kwana huɗu ba su rabu ko sau ɗaya ba, suka hau rabuwa da gudu. Wasu jijiyoyin ƙwaƙwalwa na sashen koyo suka fara datse rassansu domin su sake tsiro da na ƙuda. Gilandin yawu kuwa ya saki danƙo, ya ci gaba da rayuwarsa. Sai bayan sa'a 10 zuwa 12, da wani ƙaramin tashi ya zo, kai ya turo waje daga cikin ƙirji, shi kuma gilandin ya kunna reaper da hid ya mutu.

Me ya sa homon da bai kashe shi da safe ba ya kashe shi da dare? Saboda abin da ya faru a tsakani, lokacin da homon ya faɗi. Tashin farko yana kunna DHR3, wanda ke shirya kunna βFTZ-F1, amma yana kunna Blimp-1 ma, mai danne shi. Sai homon ya ja baya, Blimp-1 mai saurin lalacewa ya ƙare, sannan βFTZ-F1 ya samu fitowa. Shi ne ke sauya kunnen sel, har tashi na biyu ya samu wata amsa dabam. Don haka faɗuwar homon saƙo ce ita ma. Enzayim Cyp18a1 ne ke lalata 20E, kuma ƙudan da ya rasa shi yakan mutu a ƙwanso, homon ya yi masa yawa ya ƙi tafiya. Shi makarɓin EcR kansa iri uku ne, A da B1 da B2. A ya fi yawa a faya-fayai, B1 a jikin tsutsa. Jijiyoyin nan masu datse rassa ba za su yi ba sai maƙwabtansu sun aiko musu da wani saƙo na dangin TGF-beta da ke sa su tara B1 tun kafin homon ya iso.

Game da homon ƙuruciya, wanda wani ɓangaren ƙawanyar ke yi, a yi hattara da abin da aka koya daga wasu ƙwari. A tsutsar malam-buɗe-littafi da ta buzuzu, shi ne ke cewa a sake zama tsutsa, kuma in aka cire shi sai a rikiɗe da wuri. A Drosophila hannunsa bai kai haka ba. A shafa wa tsutsa shi, ba za ta ƙara mataki na huɗu ba; ɓarnar takan fito ne a fatar cikin ƙuda. A kashe gilandinsa, tsutsa takan kai ƙwanso sannan ta mutu. Makarɓansa biyu ne, Met da Gce, masu maye gurbin juna, shi ya sa cire ɗaya ba ya nuna abin kirki. Binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga ƙwayoyin gado uku masu danne juna: chinmo na tsutsa, broad na kwanci, E93 na cikakken ƙuda.

Girman jiki lissafin lokaci ne

Cikakken ƙuda ba ya ƙara girma, fatarsa ta riga ta ƙage. Duk girman da zai yi an yanke shi a ranar da tsutsa ta daina ci. Ke nan girma saurin ƙaruwa ne a ninka da tsawon lokacin ci, kuma kowanne da homon ɗinsa.

Saurin na hannun dangin insulin ne. Ƙuda yana da irinsu takwas, manya uku daga cikinsu sel 14 ne ke yin su a ƙwaƙwalwa. Waɗannan sel ba su ke ɗanɗana furotin ɗin abinci kai tsaye a tsutsa ba. Kitsen jiki ne ke auna shi ta hanyar TOR, wani furotin mai lura da wadatar abinci a cikin sel, ya aika musu da labari ta jini, sannan su saki abin da suka tara. Ƙudan da ya rasa chico, wani mahaɗi a hanyar insulin, yakan fito kusan rabin girman 'yan uwansa, sel ɗinsa ƙanana kuma kaɗan, amma siffarsa daidai.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne abin da ake kira nauyin yanke hukunci, 'yan sa'o'i bayan saɓa ta biyu, kamar takwas zuwa goma. Tun 1938 George Beadle da abokan aikinsa suka lura da wannan sauyi wajen sa'a 70 bayan saka ƙwai. A hana tsutsa abinci kafin wannan gaɓa, agogonta ya tsaya, ta jira, ko ta mutu tana jira. A hana ta bayan ta wuce, ta shiga ƙwanso a kan kari, wani lokaci ma da wuri, ta ba da ɗan tsurut ɗin ƙuda. Gilandin gaban ƙirji shi ma yana jin insulin da TOR. A 2005 ɗakunan bincike uku suka nuna abin da ke kama da baibai: in aka ƙarfafa hanyar insulin a gilandin kaɗai, ƙuda ya fito ƙarami, in aka raunana ta, ya fito babba. Dalili shi ne gilandin da aka zuga yana yin ekdison da yawa da wuri, ekdison kuma yana gajarta lokacin ci, yana kuma taka wa girman jikin tsutsa burki ta kitsen jiki.

Faya-fayai ma suna da bakin magana. In aka ji wa ɗaya rauni da hasken X ko ya kamu da tsiro, yakan fitar da Dilp8, ɗaya daga cikin dangin insulin takwas ɗin nan, wanda aka gano a 2012. Yana tafiya ƙwaƙwalwa, makarɓin Lgr3 ya karɓe shi, a rage ekdison, a jinkirta ƙwanso har faifan ya gyaru, sauran faya-fayan ma su rage gudu don kada su bar shi a baya. Wannan rangwame yana da wa'adi: raunin da ya zo a ƙarshen mataki na uku ba ya tsayar da komai, ƙuda ya fito da naƙasarsa. Ƙudajen da ba su da Dilp8, ko ba rauni, fiffikensu na dama da na hagu sukan bambanta fiye da yadda aka saba.

Duk wannan ya sa auna lokaci shi ne wurin da gwaji ya fi lalacewa. Ƙirga sa'o'i daga saka ƙwai bai isa ba, domin uwa takan riƙe ƙwai a jikinta ya fara girma. Ana barin ƙudaje su yi saka na share fage, a zubar, sannan a tara na sa'a biyu zuwa huɗu, a kuma sake daidaita tsutsotsin a saɓa ta biyu, ana gane ta da rassan kafofin numfashi na gaba da girman ƙugiyoyin baki. Cunkoso a kwalba yana jinkirta girma ya ƙanƙantar da jiki, don haka adadin tsutsotsi sai ya zama ɗaya a kowace kwalba. Mata sun fi maza girma, sanyi kuma yana ba da manyan ƙudaje, saboda haka ba a gwama su a ma'auni. Ga tsutsa mai yawo, ana zuba shuɗin rini a abinci: mai shuɗin hanji tana da sauran sa'o'i da yawa, wadda hanjinta ya washe ta kusa. Mafi tabbas shi ne farin ƙwanso, ɗan taƙin da bai kai sa'a ba kafin ya fara yin ja, shi ake ɗauka sa'ar sifili. Tsarin GAL4 da UAS na Andrea Brand da Norbert Perrimon, na 1993, wanda ake kunna ƙwayar gado da shi a sashe ɗaya, ƙarfinsa na ƙaruwa da zafi. Kwalbar da ke digiri 29 da wadda ke 25 gwaji biyu ne. In tsutsa ta maƙale, a zuba mata 20E a abinci: in ta wuce, matsalar a ƙera homon take, in ba ta wuce ba a nemi laifin a wajen karɓa. Amma homon na abinci ba ya tashi ya faɗi, shi ya sa ceton yakan tsaya rabin hanya.

Fitowar ma sai da wani jerin homon. Bayan ekdison na kwanci ya sauka, wasu sel da ke manne da bututun numfashi suna sakin homon ETH, shi da homon ƙyanƙyasa na ƙwaƙwalwa su zuga juna har motsi ya kankama. Agogon kwana, wanda Ronald Konopka da Seymour Benzer suka samo ƙwayar gadonsa period a 1971, yana sa yawancinsu su fito da sassafe. Ƙudan yana fitowa fari, laushi, fukafukai a cukurkuɗe. Sai ya samu wurin tsayawa sannan ya saki homon bursikon, ya haɗiyi iska, ya matse ciki ya tura jini cikin fukafukan su miƙe, fata ta yi duhu ta taurara cikin sa'o'i kaɗan. In aka matse shi a ƙuntataccen wuri, yakan jinkirta sakin. Wanda kuma ya rasa rickets, makarɓin bursikon, fiffikensa an zana shi daidai, kowace jijiya a mazauninta, amma haka zai rayu da shi a naɗe.